Sonny Clark, makaɗin fiyanon da Amurka ta yi wa riƙon sakainar kashi

Na shafe kusan mako guda ina maimaita faifan Dexter Gordon mai suna Go, wanda aka ɗauka a watan Agustan 1962, kafin na lura cewa ba mai busa saksafon ɗin kunnena yake bi ba, mutumin da ke zaune a gaban fiyano yake bi. Da na duba jerin makaɗan sai na ga Sonny Clark, kuma na ji kunya ƙwarai, domin na daɗe ina sauraron jazz amma ban taɓa tsayawa a kan wannan suna ba.

An haife shi a 1931 a Herminie, wani ƙaramin garin masu haƙar kwal a jihar Pennsylvania. Shi ne autan 'ya'ya takwas, kuma mahaifinsa ya rasu makonni kaɗan bayan haihuwarsa. Ya yi wasu shekaru a Kalifoniya yana kiɗa tare da Buddy DeFranco, sannan a 1957 ya biyo mawaƙiya Dinah Washington zuwa New York, inda kamfanin buga faifai na Blue Note ya riƙe shi hannu bibbiyu. A shekarar nan kaɗai ya ɗauki faifai uku da sunansa, har da Sonny's Crib wanda John Coltrane ya yi busa a ciki.

Ra'ayina shi ne, abin da ya sa aka manta da Clark shi ne ainihin abin da ya fi kowa iyawa, wato rakiya. A salon da ake kira hard bop, wanda ya dawo da jazz kusa da blues da waƙoƙin cocin baƙaƙen fatar Amurka, mai busa ne yake tsayawa a gaba yana kwasar tafi, mai fiyano kuwa yana baya yana shimfiɗa masa hanya. Mu ma mun san irin wannan: kowa ya san Shata, amma mutum nawa ne za su iya kawo sunan masu kalangunsa? Clark ba ya cika wa mai busa kunne. Yakan bari sai mutum ya tsaya shan numfashi, sannan ya jefa sauti biyu ko uku a cikin giɓin, kamar ɗan amshin da ya san daidai inda zai shigo. Idan kuma nasa lokacin ya zo, hannunsa na dama yana tafiya da sauti ɗaya-ɗaya, kowanne a fili, yana ɗan jan ƙafa a bayan ganga kamar mai tafiya kasuwa da ba a jiransa a gida.

Wanda yake son ya ji abin da nake nufi ya nemi Cool Struttin', wanda aka ɗauka a Janairun 1958 tare da Art Farmer da Jackie McLean da Paul Chambers da Philly Joe Jones. Na saurari kiɗan farko na faifan da dare, wuta ta ɗauke, wayata a kan ƙirji, kuma sau uku ina mayar da shi baya don in sake jin yadda fiyanon yake amsa wa kaifin busar McLean ba tare da ya yi jayayya da ita ba. A Amurka faifan bai yi wani tashe ba lokacin da ya fito. Mutanen Japan ne suka gane darajarsa, har ya zama abin da ake yawan nema a shagunan shan kofi da ake zuwa musamman don sauraron jazz, kuma ina ganin kunnensu ya fi na 'yan ƙasarsa adalci.

Wani abin da ya ƙara ɓoye shi shi ne ajiye wasu ayyukansa da aka yi a ma'ajiya shekara da shekaru. Aikin da ya yi da mai jita Grant Green da mai ganga Art Blakey a Janairun 1962 bai fito ba sai 1980, da sunan Nigeria, saboda a cikinsa akwai kiɗan Sonny Rollins mai suna Airegin, wato sunan ƙasarmu idan aka karanta shi daga ƙarshe.

Ba zan ɓoye cewa shi ma ya cuci kansa ba. Muguwar ƙwayar nan hiroyin ta kama shi kamar yadda ta kama makaɗa da yawa na zamaninsa, ta kuma yi ajalinsa a New York ranar 13 ga Janairu, 1963, yana da shekara 31, bai cika shekara shida da isowa birnin ba. Makaɗin fiyano Bill Evans ya juya haruffan sunan Sonny Clark ya raɗa wa wani kiɗan makoki suna NYC's No Lark. Ni dai faifansa na ƙarshe, Leapin' and Lopin' na 1961, shi nake komawa, musamman wurin da Ike Quebec yake busa a hankali, Clark kuma yana biye da shi a baya, yana taɓa fiyanon kamar mai tsoron kada ya tashi wani daga barci.