A bar daliget su jefa ƙuri'arsu ko da gwaninsu zai faɗi

Tun jiya nake jin ɗacin abin da aka yi a zaɓen fid da gwani na ɗan majalisar jiha a mazaɓarmu, kuma waɗanda suka halarta shaida ne cewa ba ƙari nake yi ba. An tara daliget tun da hantsi, aka shanya su a rana har bayan la'asar, sannan wani babba ya miƙe ya ce tunda kowa ya san wanda zai ci, jefa ƙuri'a ba shi da amfani, ƙidaya ma raba kan jam'iyya take yi. Aka ɗaga hannun mutum ɗaya, aka watse. Wannan ɗauki-ɗora ne, ko da an sa masa suna maslaha.

Ƙuri'ar wanda zai faɗi tana da amfani, kuma amfaninta shi ne mutanensa su ga an ƙirga su a bainar jama'a. Wanda aka ƙirga ƙuri'arsa ya sha kaye zai koma gida da baƙin ciki, ya huce bayan kwana biyu. Wanda aka hana shi jefawa kuwa ya tafi da ƙullin da ba zai kwance ba sai ranar babban zaɓe, ranar da zai yi wa jam'iyyarsa zagon ƙasa.

A Amurka, inda muka aro wannan tsari, ana shiga babban taron jam'iyya an riga an san ɗan takarar shugaban ƙasa, amma ana kiran jihohi ɗaya bayan ɗaya su faɗi ƙuri'unsu. A taron jam'iyyar Democrat na Denver a 2008 an sa sunan Hillary Clinton, wakilanta suka zaɓe ta, sai da aka zo kan jihar New York ita da kanta ta nemi a dakatar da ƙidaya a tabbatar da Obama baki ɗaya. A Philadelphia a 2016 an ƙirga wa Bernie Sanders ƙuri'a 1,865, Clinton ta samu 2,842, kuma bayan an gama ne Sanders ya tashi ya nemi a ba ta takara. Wanda ya faɗi shi ne ya miƙa wuya da bakinsa, bayan an mutunta magoya bayansa. Na san za a ce ai Clinton ta faɗi zaɓen 2016, amma ban ce ƙidaya tana kawo nasara ba, cewa na yi tana hana a raina mutane.

Mu dawo gida. A watan Yunin 2022 shugaban APC na lokacin, Abdullahi Adamu, ya sanar da Ahmad Lawan a matsayin ɗan takarar maslaha na shugaban ƙasa, gwamnonin Arewa na jam'iyyar suka ce ba su yarda ba. Da aka je Eagle Square aka ƙirga, Tinubu ya samu 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235, Lawan 152. Da ba a kawo akwati ba, da har yau ana gaya mana cewa mai ƙuri'a 152 shi ne zaɓin kowa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi ya sa masu ɗauki-ɗora suke gudun akwati.

Masu cewa ai daliget sayen su ake yi, wannan wata cuta ce daban, kuma hana su zaɓe ba ya warkar da ita, sai dai ya mayar da cinikin ɗakin mutum uku. Dokar Zaɓe ta 2022 ma ta sharɗanta cewa babu maslaha sai duk 'yan takarar da aka tantance sun amince a rubuce, kuma na tabbata wanda aka ture jiya bai sa hannu a komai ba.

Akwai wata dattijuwa cikin daliget da ta taso daga ƙauye a kan babur, na gan ta da yamma a bakin titi tana jiran abin hawa, katinta yana rataye a wuyanta. Ko ruwan sha ba a raba musu ba, kuma ina so shugabar mata ta ƙaramar hukuma ta faɗa mana wa aka ba kuɗin motar waɗannan bayin Allah.