Tsakanin goge suna da faɗin gaskiya: Stanton da Stopes

Tun da na zauna a birnin New York nake wucewa ta gaban wani mutum-mutumi da aka kafa a lambun Central Park a shekarar 2020, wanda ya haɗa Elizabeth Cady Stanton da Susan B. Anthony da Sojourner Truth, 'yan gwagwarmayar 'yancin mata a Amurka. A tsarin farko fararen matan biyu kaɗai aka sa, sai da mutane suka yi ƙorafi kafin aka ƙara Truth, wadda aka haifa cikin bauta.

Stanton na cikin waɗanda suka kira taron Seneca Falls a 1848, inda aka nemi a bai wa mata damar jefa ƙuri'a, kuma babu mai musun wannan ɗawainiya tata. Amma a 1869, da aka zo bai wa baƙaƙen maza ƙuri'a kafin mata, sai ta riƙa yi wa baƙaƙen mazan da baƙin haure kalaman raini, har Frederick Douglass, baƙar fata mai fafutikar kawar da bauta, wanda ya mara mata baya tun a Seneca Falls, ya ƙalubalance ta a bainar jama'a. A sharhin Baibul da ta fara fitarwa a 1895 kuma ta ɗora wa Yahudawa da addininsu kaso mai yawa na laifin danne mata. Masu kare ta kan ce halin zamaninta ne. Ban yarda ba, domin abokiyar gwagwarmayarta Ernestine Rose, 'yar wani malamin Yahudawa daga Poland, ta riga ta mayar da martani kan irin wannan ƙiyayya a wata jaridar Boston tun 1864. Stanton ta san akwai wata hanya.

A Ingila an bi wata hanya dabam da Marie Stopes, wadda ta buɗe asibitin tsarin iyali a Landan a 1921, tana kuma goyon bayan hana waɗanda take ganin "marasa nagarta" ne haihuwa, har ta aika wa Hitler waƙoƙinta a 1939. A 2020 ƙungiyar da ke ɗauke da sunanta, wadda aka san asibitocinta a Najeriya da Nijar da Ghana, ta cire sunan ta koma MSI.

Mu a gida an rene mu a kan ambaton alherin mamaci da rufa masa asiri, kuma ina girmama wannan tarbiyya. Sai dai mai jagorantar al'umma ya bar rubutu da ke ci gaba da aiki bayansa, kuma waɗanda ya raina suna da jikoki a raye. Shi ya sa na fi karkata ga abin da aka yi a New York. Goge sunan Stopes ya rage wa ƙungiyar kunya, amma matar da ke shiga asibitin a Kano ko Yamai ba ta ƙaru da sanin komai ba. Wanda ya tsaya gaban mutum-mutumin nan kuwa, idan ya ga Truth tana magana Stanton na saurare, dole ya tambayi me ya sa da farko aka bar ta a waje.