Wa Ya Kamata A Ba Tuta: Mai Aƙida Ko Mai Ƙuri'a?

Akwai wani teburin mai shayi kusa da kasuwar Wunti da nake yawan tsayawa bayan isha'i. Duk sanda kakar siyasa ta gabato, mutum biyu ne ke cinye mana hirar. Ɗaya dattijo ne, tela, ɗan jam'iyyar PRP tun yana saurayi, har yau hoton Malam Aminu Kano na manne a jikin kekensa na ɗinki, duk ya koɗe. Ɗayan matashi ne mai tuƙa Keke Napep. Shi dattijon maganarsa ɗaya ce: jam'iyyar da ta miƙa tutarta ga wanda bai yarda da abin da ta yarda da shi ba, ta riga ta faɗi ko da hukumar zaɓe ta ce ta ci. Matashin kuwa sai ya kurɓi shayi ya ce, "Baba, aƙida ba ta cika akwati. Ku dai ku ba mu wanda zai kai labari."

Na daɗe ina ganin matashin ne ke da gaskiya, kuma har yanzu ina ba shi rabi. Jam'iyya ba makarantar dare ba ce, don neman mulki aka kafa ta. Sashe na 134 na kundin tsarin mulkin 1999 bai bar wa kowa zaɓi ba: kafin mutum ya zama shugaban ƙasa sai ya fi kowa ƙuri'a, sannan ya sami kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi, wato 24 cikin 36. Duk tsarkin zuciyarka, in jama'arka a Kano da Jigawa da Bauchi kaɗai suke, lissafin ba zai fita ba. Dole ka nemi mutumin Oyo da na Binuwai da na Ribas, kuma ba wanda zai ba ka ƙuri'arsa kyauta.

Mu a Bauchi bai kamata wannan gardama ta zame mana baƙuwa ba, don a garin nan aka yi mata wankan jego. A farkon shekarun 1940, Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk a nan suke, suna zama ƙungiyar muhawara guda. Daga baya hanya ta rabu. Tafawa Ɓalewa ya bi NPC, jam'iyyar da ke da sarakuna da ƙuri'a, ya zama Firayim Minista a 1957. Malam Aminu ya jagoranci NEPU wadda aka kafa a 1950, magoya bayanta suka sha ɗauri da bulala a hannun En'e, ba su taɓa kafa gwamnatin Arewa ba. Zungur ya rasu a 1958, bai ma ga 'yancin kai ba. A 1979 Malam ya tsaya takarar shugaban ƙasa a PRP, jiharsa ta Kano kaɗai ya ci. Bauchi da ya koyar da 'ya'yanta Shagari ta bi, ta kuma ba Tatari Ali na NPN gwamna.

To amma dattijon ma ba shirme yake yi ba. Abubuwan da 'yan Sawaba, wato 'yan NEPU, suka sha duka a kansu, irin su raba sarakuna da kotuna da 'yan doka, da bai wa matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a, duk an zo an yi su, ko da yake ba da hannun NEPU aka sa hannu ba. Mai faɗuwa zaɓe yakan iya sauya abin da mai cin zaɓe zai yi. Haka ta faru a Amurka: a 1964 jam'iyyar Republican ta tsayar da Barry Goldwater, mutumin da bai san sassauci ba, ya tashi da jiha shida kacal, amma a kan turbarsa Ronald Reagan ya hau ya ci a 1980. Sai dai shekara goma sha shida ba wasa ba ne ga wanda abincin darensa ke jiran cinikin yau.

Kuma ko a cikin gidan aƙidar, ba a zauna lafiya ba. PRP ta ci gwamna a Kano da Kaduna a 1979, ba a je ko'ina ba ta dare gida biyu, 'yan taɓo da 'yan santsi, kowane ɓangare na cewa ɗayan ne ya sayar da talaka. An tsige gwamnan Kaduna Balarabe Musa a 1981, na Kano Abubakar Rimi ya koma NPP kafin zaɓen 1983. Idan ma'aunin jam'iyya shi ne wa ya fi wani tsarki, to kullum za a sami wanda ya fi ka, shi kuma gobe a sami wanda ya fi shi.

Hujjar da masu cewa "a ba wanda zai ci" suka fi riƙewa ita ce Buhari, Allah ya jiƙansa. Ya tsaya a 2003 da 2007 a ANPP, ya tsaya a 2011 a CPC, jam'iyyar da aka gina kacokan a kan sunansa na mai gaskiya. A 2011 ya tara ƙuri'a sama da miliyan 12, bai ci ko jiha ɗaya a Kudu ba. Sai da ya yarda ya zauna inuwa ɗaya da ACN ta Tinubu da gwamnoni biyar da suka ɓalle daga PDP, mutanen da magoya bayansa suka yi shekaru suna zagi, sannan ya sami miliyan 15.4 a 2015. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan ba a musu.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, me aka shirya za a yi da jinkar bayan an ɗora ta? Ban da "a kawar da Jonathan", babu wani abu da ya ɗaure tsintsiyar nan ta APC. Ko wata biyu ba a yi da rantsuwa ba, Bukola Saraki ya zama shugaban majalisar dattawa, ɗan jiharmu Yakubu Dogara ya zama kakakin majalisar wakilai, duka ba da son uwar jam'iyya ba, kuma kafin zaɓen 2019 dukkansu sun koma PDP inda suka fito. Mu nan muka yi "sak" daga sama har ƙasa, muka zaɓi mutanen da ko fuskarsu ba mu sani ba. Bayan shekara huɗu, mutanen Bauchi suka sake ba Buhari ƙuri'a, suka juya suka kayar da gwamnan da guguwarsa ta kawo. Jiki magayi.

Inda na rabu da matashin kenan. "Zai iya ci" hasashe ne, ba wahayi ba, kuma masu yin hasashen sau da yawa su ne masu cin moriyarsa. Dubi abin da ya faru da PDP a 2022. Karɓa-karɓa tsakanin shiyyoyin ƙasa na rubuce a kundin jam'iyyar, kusan ita kaɗai ce ƙa'idar da kowa ya san ta da ita. Aka ajiye ta gefe da hujjar cewa a bar wanda ya fi ƙarfin cin zaɓe ya fito. A zaɓen fid da gwani, Atiku ya sami daliget (wakilan jam'iyya masu zaɓen ɗan takara) 371, Wike 237, gwamnanmu Bala Mohammed 20. Kwankwaso ya riga ya fice zuwa NNPP, Peter Obi ya fice ana saura kwanaki kaɗan, daga baya gwamnoni biyar suka yi zaune a cikin gida suna rushe ginin. Sakamakon 2023: Tinubu miliyan 8.79, Atiku 6.98, Obi 6.1, Kwankwaso kusan 1.5. Ba na cewa ƙuri'a tumatir ce da za a haɗa kashi uku a kwando ɗaya, ba duk wanda ya zaɓi Obi ne zai zaɓi Atiku ba. Amma ukun nan, Atiku da Obi da Kwankwaso, a 2019 jam'iyya ɗaya suke, biyu daga ciki ma tikiti ɗaya suka hau. Atiku ya ci Bauchi, ya ci Gombe duk da gwamnanta ɗan APC ne, hasashen ya yi aiki a nan. A can Kudu inda aka karya wa alkawari ne ya rushe. Ashe riƙe ƙa'ida ma wani ɓangare ne na cin zaɓe, yar da ita kuma yana da kuɗin da ake biya.

Sannan a faɗi gaskiya, sikelin da daliget ke aunawa da shi ba aƙida da ƙuri'a ne a kansa ba. Na san wani da ya taɓa zuwa zaɓen fid da gwani na wata jam'iyya da ba sai na kama suna ba. Kafin ya tafi, kowa a unguwa ya san wanda yake so, har fosta ya manna a ƙofar gida. Ya kwana uku a otal, wayarsa a kashe. Da ya dawo, fostar ta ɓace, sabon babur ya bayyana a zaure. Na tambaye shi abin da ya sauya masa ra'ayi, ya ce, "Malam, namu mutumin kirki ne, amma ba zai iya ba." Ban san ko ya yarda da abin da ya faɗa ba, amma tun ranar nan in na ji an ce wane "shi ne zai iya", sai na tambayi kaina: zai iya cin zaɓe, ko zai iya sallamar daliget? A 2022 dokar zaɓe ta cire daliget masu kujerar dindindin, har ta kai mutum ƙasa da 800 ne suka zaɓa wa babbar jam'iyyar adawa ɗan takara a ƙasa mai masu rajistar zaɓe sama da miliyan 93. Ƙaramar kasuwa ba ta wuyar sayewa. Kada kuma a ce 'yar tinƙe ce magani kai tsaye: a 2018 an bayyana cewa Buhari, shi kaɗai ba abokin hamayya, ya sami ƙuri'a miliyan 14.8 a zaɓen cikin gida, kusan daidai da abin da ya samu a babban zaɓe.

Asarar da ta fi damuna ma ba ta jam'iyyu ba ce, tamu ce. Idan kowace jam'iyya ta tsaya neman "wanda zai ci" kawai, sai a wayi gari duk 'yan takarar bakinsu ɗaya a kan abin da ya fi shafar tukunya. A 2023, Tinubu da Atiku da Obi duk sun yi alkawarin cire tallafin man fetur. Mai ganin cirewar daidai ne yana da zaɓi uku. Mai ganin kuskure ne ba shi da ko ɗaya a cikin manyan. Ranar 29 ga Mayu Tinubu ya furta maganar cire tallafin, cikin kwanaki litar da ba ta kai naira 200 ba ta haye 500. Wani dare da matashin nan ya iso yana ƙorafin cewa rabin cinikinsa a gidan mai ya bar shi, dattijon bai ce masa komai ba sai, "Ai naku ya kai labari." Matashin ya yi shiru, sannan ya ce, "To Baba, naku fa, tun 1983 ina ya kai?" Kowa a teburin ya yi dariya, ban da su biyun.

Ra'ayina shi ne, tambayar da kanta an gina ta a karkace. Jam'iyya ta fara zama ta rubuta abu biyu ko uku da ba ta ciniki a kansu: matsayinta kan farashin mai da wuta, kan tsaro, kan yadda za a raba mulki tsakanin shiyyoyi. Ba littafin manufofi mai shafi ɗari da ko ɗan takarar bai karanta ba. Duk wanda bai amince da su ba, ƙofa a buɗe take. A cikin waɗanda suka amince, nan ne za a ce to wa ya fi ƙuri'a, kuma nan ina tare da matashin ɗari bisa ɗari, ko da wanda ya fito ba shi ne ya fi burge ni ba. Amma a kawo hujja a ƙasa: wane zaɓe ya taɓa ci da ƙarfin kansa ba da guguwar wani ba, a waɗanne jihohi 24 zai sami kashi 25, kuma su wa za su tattara kayansu ranar da aka ɗaga hannunsa. Tambaya ta ukun nan ce PDP ba ta yi wa kanta ba.

Jihar Bauchi na da ƙananan hukumomi 20, Gombe 11. Daliget ɗin kowacce ba aljani ba ne, maƙwabcin wani ne, sahu ɗaya ake tsayawa da shi a masallaci. Mun saba sai ya dawo muke leƙa zaurensa mu ga abin da ya shigo da shi. Ni dai wannan karon, kafin namu ya hau mota, zan je har gida in tambaye shi wanda zai zaɓa da dalilinsa, a gaban mutane, kuma zan tafi da tela da mai Keke Napep ɗin duka.