Ku daina cewa FAR Rabat ta taso ne jiya

Malam mai rahoto, ka ce FAR Rabat sabon shiga ce a manyan gasannin Afirka. Gaskiya wannan bai yi daidai ba. Kulob ɗin sojojin Maroko ne, tun 1958 aka kafa shi, kuma shi ya fara kawo wa ƙasar kofin zakarun Afirka a 1985, shekarar da ɗan wasansu Mohamed Timoumi ya zama gwarzon Afirka. Mu 'yan Najeriya ma mun ɗanɗana kuɗarmu: a 2005 Dolphins ta Fatakwal ta ci 1-0 a gida, aka je Rabat suka zazzaga mata uku. Sun dai yi dogon fari a lig ɗin Maroko bayan 2008, sai 2023 suka sake ɗaga kofinsa. Don Allah a gyara labarin nan.