Wai ai daga ƙasa ta fito

Makon jiya a majalisarmu ta Tudun Wada wani ƙanena ya miƙo min waya. Bidiyon wani Bature ne yana yabon wata irin laimar kwaɗi mai bugarwa, wai tana buɗe ƙwaƙwalwa. Ya ce, "Yaya, wannan fa ba ƙwaya ba ce, daga ƙasa ta fito." Na ce masa zaƙami ma daga ƙasa yake fitowa, kuma duk mun ga yadda yake sa ƙato tuɓe riga a titi.

Samari, abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne tsinko. Da damina ta zauna za ku ga laimar kwaɗi iri-iri a gindin bishiyoyi da kan juji, sai yaro ya riƙe hoton intanet ya fita nema. Ido ba ya rarrabe su. Akwai wasu ƙanana masu ruwan ƙasa da suka yi kama da mai bugarwar, amma suna ɗauke da guba mai suna amatoksin, wadda dafuwa ko suya ko shanya ba sa kashe ta. Gubar kuma makira ce. Sai an yi awa 6 zuwa 24 kafin amai da gudawa su taso, daga baya su lafa, mutum ya ce ya ji sauƙi, alhali hantarsa ce ke lalacewa. A 2023 mutum uku suka rasu a Ostareliya bayan cin girkin da aka sa wa mai irin wannan guba.

Masu shirin nomanta a ɗaki kuwa, funfuna kan riga su cin amfanin, ga NDLEA. Sinadarinta mai bugarwa, silosaibin, yana cikin jerin ƙwayoyin da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi.

To a ce ma an dace da ta gasken. Ba ta da ma'auni, wata ta fi wata ƙarfi, tana kawo firgici da gane-gane, kuma wanda ke da taɓin hankali a dangi tana iya taso masa da shi har a dangana da asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da ke Kaduna. A Ostareliya, inda aka yarda a yi magani da sinadarinta tun Yulin 2023, likitan ƙwaƙwalwa ne ke bayarwa, ana kuma zaune kusa da majinyacin ana sa masa ido.

Idan wani ya riga ya ci, kada ku tsaya ɗura masa manja ko madara, kada kuma ku jira amai. Ku kai shi asibiti nan take, ku tafi da ragowar a takarda likita ya gani.