The Monkees da mutanen da suka rubuta musu waƙoƙi

Duk wanda ya kalli Shrek ya san waƙar nan ta ƙarshen fim ɗin, I'm a Believer, wasu ma sun ɗauka don fim ɗin aka yi ta a 2001. Toh ba haka ba ne, tsohuwar waƙa ce ta 1966, ta wasu samari huɗu da ake kira The Monkees, kuma su ɗin ma ba su suka rubuta ba. Neil Diamond ne ya rubuta, lokacin yana matashi yana ta fafutukar neman suna a New York.

Su Monkees ɗin nan ba wai abokai ba ne da suka taso tare suna kaɗe-kaɗe a unguwa. Furodusoshi biyu ne, Bob Rafelson da Bert Schneider, suka saka talla a jarida a 1965 suna neman samari don wani shirin barkwanci na talabijin, mutum sama da 400 suka je gwaji, ƙarshe aka haɗa Micky Dolenz da Davy Jones da Michael Nesmith da Peter Tork. Shirin ya fara a tashar NBC a Satumban 1966, kuma kowane sati sai an sa waƙa a ciki, to ina za a samo waƙoƙin? Nan Don Kirshner ya shigo, mutumin da tun a New York yake da kamfani cike da marubuta, kowa da ɗan ɗakinsa da piyano, a zo da safe a zauna a rubuta waƙa kamar dai tela a kan keke. Tommy Boyce da Bobby Hart suka rubuta Last Train to Clarksville ta hau lamba ɗaya a Amurka, su ne kuma suka yi waƙar buɗe shirin. I'm a Believer kuwa sati bakwai ta yi tana lamba ɗaya.

Abin da ke ban haushi shi ne yadda har yau in an ambaci Monkees sai wani ya taɓe baki ya ce ai na bogi ne. Bogi a ina? Muryoyin nasu ne, waƙoƙin kuma gwanaye ne suka zauna suka tsara su. Ni fa ban ga abin kunya ba don mutum ya rera abin da wani ya rubuta, rubutu sana'a ce daban, murya baiwa ce daban, ba kowa Allah ke haɗa wa biyun ba. Shahararren mawaƙin nan Elvis Presley ma ai ba shi ke rubuta waƙoƙinsa ba, wa ya ce masa bogi?

In ma tausayi za a ji, ba marubutan ba ne abin tausayi, su sunansu na jikin faifai ko da ƙananan baƙaƙe ne, kuma duk sanda aka sa waƙar a rediyo suna da kasonsu. Waɗanda aka danne su ne makaɗan situdiyo da suka kaɗa jita da ganga a faifan farko ba a ko ambace su ba, aka bar jama'a suna zaton yaran ne ke kaɗawa.

Wannan ɗin ne ya ƙona wa Nesmith rai, don shi da Tork makaɗa ne na gaske tun kafin shirin. A Janairun 1967 aka fitar da faifansu na biyu ba su ma sani ba, Kirshner ya cika bayan kwalin da yabon marubutansa, a wani zama a otal a Beverly Hills Nesmith ya fusata ya naushi bango har ya huda shi. Ba a jima ba aka sallami Kirshner, yaran suka shiga situdiyo suka kaɗa faifan Headquarters da hannunsu, ya hau lamba ɗaya, bayan sati guda ƙungiyar Beatles suka ture shi da faifansu Sgt. Pepper. Suna da gaskiya wallahi, ba na musu.

Amma fa ku duba abin da ya biyo baya. Bayan duk wannan rigimar, manyan waƙoƙinsu na 1967 su wa suka rubuta? Pleasant Valley Sunday ta Carole King ce da Gerry Goffin, Daydream Believer kuma John Stewart ne, tsohon ɗan ƙungiyar mawaƙa ta Kingston Trio. Wato sun ƙwaci 'yancin kiɗa amma alƙalamin na hannun wasu, kuma hakan bai rage musu komai ba. Shi ma ɓangaren kamfanin ba kullum kunnensa ke jin daidai ba, don Nesmith ya kawo musu tasa waƙar Different Drum suka ƙi, Linda Ronstadt ta rera ta da ƙungiyarta Stone Poneys ta yi kasuwa a shekarar.

Shi kuwa Kirshner da ya tashi sake gwadawa sai ya koma kan The Archies, 'yan katun zalla waɗanda ba sa gardama, Jeff Barry da Andy Kim suka rubuta musu Sugar, Sugar, Ron Dante ya rera a ɓoye, ta zama waƙa lamba ɗaya ta shekarar 1969 gaba ɗaya a jadawalin waƙoƙi na mujallar Billboard.