Tun ranar ɗaukar soja ake shirya ranar sallamarsa

A fadarmu ta Zango akwai wani dattijo, tsohon kofur, wanda ya yi shekara ashirin da ɗoriya cikin kaki. Yau gadin shago yake yi da dare a kasuwar Dole. Takardunsa na aiki suna cikin baƙar leda a aljihun gaba, har sun yi laushi don yawan buɗewa. Ya iya kwance bindiga ya ɗaura ido rufe, amma ko facin taya ba wanda ya koya masa. Duk sanda na ga samarin Damagaram suna gudun asuba don neman shiga soja, shi ke faɗo mini a rai.

A 2020 gwamnatin Nijar ta ce za ta ninka yawan sojojinta daga 25,000 zuwa 50,000 cikin shekara biyar. Ban ga laifin haka ba, wanda ya san halin da Diffa da Tillaberi ke ciki ba zai yi gardama ba. Sai dai yaƙi yana ƙarewa, baitulmali kuma ba zai ɗauki wannan albashi har abada ba. Wata rana za a rage.

Ragewar tana da hanyoyi. Bayan yaƙin cacar baka Amurka ta sauko daga soja sama da miliyan 2 zuwa kimanin miliyan 1.4, kuma a hankali ta bi. Ta taƙaita ɗaukar sabbi, ta bar mai shekara 15 a aiki ya yi ritaya da fansho ba sai ya cika 20 ba, ta biya waɗanda suka yarda su tafi da kansu. Wanda ya daɗe bai samu ƙarin girma ba aka nuna masa ƙofa. Kodebuwa ma, bayan boren sojojinta na 2017, kuɗi ta miƙa wa masu son ajiye kaki, sefa miliyan 15 kowane mutum.

A Iraƙi kuwa, cikin watan Mayu na 2003, Paul Bremer, Ba'amurken da aka ɗora ya mulki ƙasar bayan mamayar Amurka, ya rushe rundunarta da takarda guda. Dubban ɗaruruwan mazaje suka koma gida hannu rabbana, sun kuma san inda rumbunan makamai suke. Da yawansu suka faɗa cikin masu tayar da ƙayar baya. Maƙwabtanmu ma sun ɗanɗana: Najeriya ta fito daga yaƙin basasa a 1970 da soja kimanin 250,000, fargabar rage su kuma na cikin abubuwan da suka rura yunƙurin juyin mulkin Laftanar Kanar Dimka na 1976, wanda ya ci ran shugaban ƙasa Murtala.

Ni a ganina kuɗin sallama kaɗai ba ya isa a wurinmu. Dangi da biki za su cinye shi kafin damina biyu. Garin da ke fama da samarin da ba su da aikin yi ba ya buƙatar ƙarin masu zaman banza da suka iya harbi. A koya wa soja walda, gyaran mota, haɗa sola ko noman rani tun yana bariki, da takardar shaidar da farar hula za su karɓa, fanshonsa kuma ya fara fita watan da albashi ya tsaya.

Kofur ɗinmu yana da ɗa da ke cikin masu gudun asubar nan. Na tambaye shi ko zai hana shi, ya ce a'a, amma ya sa shi zuwa garejin wani kanike kowace yamma.